Kalma Bakwai a Jikin Bas

Kalma bakwai aka ba ni, ba ƙari,
iya abin da ido zai kama a jikin bas
kafin ta sha kwana a titin Argyle.
Ofishinmu na saman shagon mai gyaran takalma,
warin gam na hawowa ta matakala,
ruwan Glasgow kuma ba ya gajiya da dukan taga.

Moira ta ce a sa alƙaluma, su ba sa ƙarya.
Struan ya ce alƙaluma ba su da ido,
a nemo fuska wadda ta sha wuya,
in da hali da kare a gefenta,
don mutanen garin nan sun fi saurin zuge jaka saboda kare.
Muka yi dariya, sannan muka yi tsit.

Na cika allo, na goge.
"Yau shi, gobe kai." Barazana ce, na goge.
"Kowa na da haƙƙin rufi." Sai ka ce takardar kotu.
Shayina ya huce sau uku.
Ni da ban taɓa kwana kan kwali ba,
me na sani kan sanyin da ke tasowa daga ƙasa?

Sai na sauka.

Ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa na tarar da Dougal Rennie,
ƙafafunsa cikin jakar barci ruwan toka,
yana cike wasan kalmomi a jaridar shekaranjiya.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana walda a bakin Clyde,
hannunsa duk tabon tartsatsi.
Na karanta masa abin da na rubuta.
Ya saurara kamar mai jin hasashen yanayin wata ƙasa.

Ya ce, "Yarinya, kina ta ce mini marar gida
kamar sunan da uwata ta raɗa mini.
Hawa na tara nake, ƙofa koriya,
Sheena ce ta zaɓi fentin, ni ban so ba.
Ta rasu a hunturu, aka rushe ginin da bazara."

Ya zura hannu a wuyan riga,
ya zaro igiyar takalmi da mabuɗi a jiki,
ya dushe, haƙoransa sun cinye.
"Ba miya na rasa ba, coci na raba miya.
Ƙarar nan na rasa, ƙyas, in murɗa shi daga ciki,
in cire takalmi ban mai da shi matashin kai ba,
in yi tari ba mai kallona.
Sai adireshi, inda wasiƙar asibiti za ta same ni."

Na nemi hotonsa. Ya ce fuskarsa ba ta haya ba ce,
'yarsa na shiga bas ɗin nan zuwa aiki a Partick.
"Ɗauki hannun. Ba za ta gane hannun ba."
Ya daɗe yana kallonsa.
"Ko ma ta gane."

Na koma sama a jiƙe sharkaf, na rubuta:
Mabuɗi yana hannunsa. Ƙofa ce ta rage.
Na ƙirga da yatsa. Bakwai.
Moira ta cusa lambar asusu can ƙasa da ƙananan baƙaƙe.
Struan bai sake ɗago zancen kare ba.

A watan Nuwamba bas ta fara yawo da hannun Dougal,
ya kusa kai tsawon mutum.
Kuɗi na shigowa kamar yoyon rufi cikin bokiti.
Ɗaki goma sha ɗaya muka samu kawo yanzu,
shi kuwa na ashirin da uku ne a layi.

Jiya na kai masa shayi.
Bas ɗin ta wuce, ta fantsama mana ruwan kwata.
Ya bi ta da ido har ta ɓace,
ya ce da na faɗa masa girman da za a yi wa hoton,
da ya yanke farce.
Sannan ya tambaye ni wani kogi a ƙasar Sifen,
harafi huɗu.
Ban sani ba.